Kisan Jamal Khashoggi da Yadda Labarinsa Ya Fito Fili

Ranar Talata, 2 ga Oktoba, 2018, da ƙarfe 1:14 na rana, wata kyamarar tsaro ta ɗauki hoton Jamal Khashoggi yana shiga ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke birnin Santambul a ƙasar Turkiyya, kuma tun daga wannan lokaci ba a sake ganinsa ba, a raye ko a mace. Shekarunsa 59 a duniya. Takarda ya je karɓa, wadda za ta tabbatar da cewa ya rabu da matarsa ta baya, domin yana shirin auren wata 'yar Turkiyya mai suna Hatice Cengiz, dokar ƙasar kuwa ba ta yarda namiji ya tara mata ba. Ya riga ya je ofishin ranar 28 ga Satumba, aka karɓe shi da fara'a, aka ce ya dawo. Duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, shi ya sa kafin ya shiga ya miƙa wa Hatice wayoyinsa, ya ce idan ta ga bai fito ba ta kira Yasin Aktay, wani mai ba Shugaba Recep Tayyip Erdogan shawara. Wannan kiran waya da ta yi bayan ta gaji da jira shi ne mafarin duk abin da duniya ta sani game da kisan.

Gwamnatocin kama-karya sun daɗe suna bin masu sukarsu har ƙasashen da suka gudu, amma da wuya a sami wani lamari da bayanansa suka fito dalla-dalla kamar wannan. Hanyar da bayanan suka bi suka fito ita ce ta fi cancantar nazari, domin babu wata majiya guda tsarkakakkiya da ta faɗi gaskiya gaba ɗayanta. Gwamnati ɗaya tana ƙarya, gwamnati ta biyu tana sakin gaskiya kaɗan-kaɗan gwargwadon buƙatarta, 'yan jarida kuma suna tsakiya suna tantancewa.

Khashoggi ɗan gida ne a wajen masarautar Saudiyya. A Madina aka haife shi a 1958, ya yi karatu a Amurka, ya yi shekaru yana aika rahotanni daga Afganistan da Aljeriya da Sudan. Sau biyu yana riƙe kujerar editan jaridar Al-Watan, sau biyu kuma yana rasa ta, a 2003 da 2010, saboda rubuce-rubucen da suka taɓa malaman gwamnati. A tsakanin nan ya zama mai ba Yarima Turki al-Faisal shawara kan harkar yaɗa labarai lokacin da yake jakada a Landan da Washington. A watan Fabrairun 2015 ya jagoranci buɗe tashar talabijin ta Al-Arab a Bahrain, wadda aka rufe tun ba ta cika kwana guda ba bayan ta yi hira da wani jagoran 'yan adawar ƙasar. A 2017, shekarar da Muhammad bin Salman ya zama yarima mai jiran gado aka kuma shiga kamen malamai da marubuta da 'yan kasuwa, ya tattara ya koma Amurka, ya fara rubutu a jaridar Washington Post a watan Satumba. Shi kansa ba ya son a kira shi ɗan adawa, ya ma yaba da wasu sauye-sauyen yariman, kamar barin mata su tuƙa mota. Abin da ya ƙi shi ne a ɗaure matan da suka yi fafutukar neman wannan 'yanci. Mutumin da ya san cikin gida irin haka, yake kuma rubutu a jaridar da 'yan majalisar Amurka ke karantawa kowace safiya, ya fi ɗan adawar da ke ihu a titi zama barazana ga masu mulki.

Wurin da aka zaɓa ma yana da muhimmanci. Duk wanda ya bar ƙasarsa yana nan ɗaure da ita ta hanyar takardu: fasfo zai ƙare, za a haifi yaro, za a yi aure ko saki, za a raba gado, kuma babu mai ba da waɗannan takardu sai ofishin jakadanci. Yarjejeniyar Vienna ta 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci ta hana jami'an ƙasar da ke karɓar baƙunci shiga irin wannan ofishi ba tare da izinin shugabansa ba. An yi wannan doka ne domin kare ma'aikatan diflomasiyya, amma a Santambul ita ce ta ba makasa kwana 13 suna goge sawu, domin sai ranar 15 ga Oktoba aka bar masu binciken Turkiyya suka shiga ofishin, gidan ƙaramin jakadan kuwa sai ranar 17.

A cikin waɗannan kwanaki Saudiyya ta tsaya kai da fata cewa Khashoggi ya fita da ƙafarsa. Yarima Muhammad bin Salman ya shaida wa kafar Bloomberg cewa a iya saninsa mutumin ya shiga ya fita bayan 'yan mintoci ko awa guda. Ranar 6 ga Oktoba ƙaramin jakada Muhammad al-Utaibi ya zagaya da wakilan kamfanin dillancin labarai na Reuters cikin ginin, yana buɗe musu kabad-kabad domin su ga babu kowa, ya kuma ce kyamarorin ofishin ba sa adana hoto. A daren 19 wayewar garin 20 ga wata aka yi amai aka lashe: Riyadh ta amsa cewa ya mutu a cikin ofishin, amma wai dambe ne ya kaure tsakaninsa da waɗanda suka same shi. Aka ce an kama mutum 18, an kuma sauke Saud al-Qahtani, babban mashawarci a fada, da Ahmad al-Asiri, mataimakin shugaban hukumar leƙen asiri. Ranar 25 ga wata mai gabatar da ƙara na Saudiyya ya ce bayanan da suka zo daga Turkiyya na nuna an tsara kisan tun da farko. Ranar 15 ga Nuwamba kuma sai ofishinsa ya ce an aika tawagar ne ta dawo da shi gida, da ya ƙi sai jagoranta ya yanke shawarar kashe shi, aka yi masa allurar da ta fi ƙarfinsa, aka yi gunduwa-gunduwa da gawar, aka miƙa ta ga wani ɗan gari da ba a taɓa faɗin sunansa ba. Duk lokacin da labarin ya sauya, to wani abu ne ya fito a jarida wanda tsohon labarin ba zai iya ɗauka ba.

Mafi yawan abin da ya fito ɗin daga jami'an Turkiyya ya fito, waɗanda kusan kullum suke neman a sakaya sunansu, kuma sau da yawa ta jaridar Sabah mai goyon bayan gwamnati. A nan ne aikin ya yi wa editoci wuya. A wannan shekarar Kwamitin Kare 'Yan Jarida, mai hedikwata a New York, ya sa Turkiyya a kan gaba a duniya wajen ɗaure 'yan jarida, kuma a watan Maris na 2018 ɗin jami'an leƙen asirinta sun kwaso 'yan ƙasarta shida daga Kosovo bisa zarginsu da bin tafiyar Fethullah Gulen, malamin da gwamnatin Turkiyya ta zarga da kitsa yunƙurin juyin mulki, suka sake kwaso wasu bakwai daga Moldova a watan Satumba. Kura ce ke ce wa kare maye. Ga shi kuma a lokacin Ankara da Riyadh ba sa ga maciji kan rikicin Katar da ƙungiyar 'Yan Uwa Musulmi. Saboda haka mai bayar da bayanin yana da manufa, yana kuma sakin bayanin a lokacin da zai fi yi wa abokin hamayyarsa zafi. Sai dai manufar majiya ba ta mayar da gaskiya ƙarya, kamar yadda ba ta mayar da ƙarya gaskiya, kuma hanya ɗaya da ta rage ita ce a ɗauki kowane iƙirari a gwada shi da abin da ba ya hannun gwamnatin Turkiyya.

Ranar 10 ga Oktoba Sabah ta buga sunaye da hotunan mutum 15 da ta ce su ne tawagar da ta zo daga Saudiyya. Kafofin da ke goyon bayan masarauta suka ce 'yan yawon buɗe ido ne. Maimakon su zaɓi wanda za su gaskata, wakilan New York Times da Washington Post da masu bincike a intanet sai suka bi sunayen ɗaya bayan ɗaya, a shafukan sada zumunta, da tsofaffin labaran jaridun Saudiyya, da jerin sunayen jami'an diflomasiyya, da hotunan tafiye-tafiyen yarima. A haka aka gano Maher Abdulaziz Mutreb, wanda ya taɓa aiki a ofishin jakadancin Saudiyya a Landan, a cikin hotunan rakiyar yariman a Amurka da Faransa da Sifaniya a farkon wannan shekarar. Aka gano Salah al-Tubaigy, likitan binciken gawa da ke da babban muƙami a ma'aikatar harkokin cikin gida. Bayanan zirga-zirgar jiragen sama, waɗanda kowa zai iya dubawa, suka tabbatar da cewa jirage biyu na wani kamfanin Riyadh sun sauka Santambul a ranar sun kuma tashi a ranar. Ranar 22 ga Oktoba tashar CNN ta nuna hoton wani daga cikin tawagar, Mustafa al-Madani, yana fita ta ƙofar baya sanye da tufafin Khashoggi da gemun bogi, amma da nasa takalman. Wanda ya je lallashin mutum ya koma gida ba ya tafiya da likitan gawa da mai kwaikwayon sura, kuma a ganina wannan hujja ta fi duk wani bayanin sirri ƙarfi, domin mai karatu zai iya auna ta da kansa.

An kuma yi tuntuɓe. Jami'an Turkiyya sun ce suna da faifan muryoyin da aka naɗa lokacin kisan, kuma a tsakiyar watan Sabah ta ruwaito cewa agogon Apple da ke hannun Khashoggi ne ya naɗi muryoyin ya aika wa wayar da ya bari a waje, kafofi da dama suka kwashe suka yaɗa kafin masana fasaha su nuna cewa da wuya hakan ya yiwu daga wannan nisa. Labarin ya yi wa Turkiyya amfani, domin ya kawar da tambayar da ba ta so, wato ko tana da na'urorin naɗar magana a cikin ofishin jakadancin wata ƙasa. Haka nan bayanan yadda aka yi kisan sun riƙa cin karo da juna, wasu majiyoyi suna maganar azabtarwa ta tsawon mintoci, alhali ranar 31 ga Oktoba babban mai gabatar da ƙara na Santambul, Irfan Fidan, ya ce shaƙe shi aka yi da shigarsa. Jaridun da suka riƙa rubuta wa masu karatu a sarari cewa ba su ji faifan muryar da kunnensu ba, jami'i ne ya ba su labarinsa, su ne ba su ji kunya ba daga baya.

Washington Post ta shiga wani hali na daban, domin wanda aka kashe marubucinta ne. Ranar 5 ga Oktoba ta bar gurbin rubutunsa fari fat, ranar 17 kuma editarsa Karen Attiah ta buga maƙalarsa ta ƙarshe, wadda ke kiran a samar wa ƙasashen Larabawa 'yancin faɗin albarkacin baki. A lokacin an riga an fara shafa masa kashin kaji, ana yaɗa cewa ɗan ta'adda ne saboda hirarrakin da ya yi da Usama bin Laden a matsayinsa na ɗan jarida shekaru da yawa baya, ko kuma ɗan koren Katar ne. Wannan dabara ce da ake maimaitawa a kusan kowane lamari irin wannan, domin idan aka ɓata wanda aka zalunta sai tausayi ya ragu. Abin da ya burge ni shi ne, a watan Disamba jaridar da kanta ta ruwaito cewa wata jami'ar wata gidauniya mai alaƙa da Katar ta riƙa taimaka masa wajen tsara wasu maƙalolinsa, abin da editocinsa suka ce ba su sani ba. Masu kare masarauta sun yi ta kafa hujja da wannan, amma buga shi ya fi ɓoye shi alheri: ko da a ce duk zargin gaskiya ne, babu dokar da ta halatta yanka mutum a ofishin jakadanci, kuma jaridar da ta faɗi abin da bai yi mata daɗi ba ta fi cancanta a yarda da sauran rahotanninta.

Akwai wani ɓangare da bai ja hankali sosai ba a kwanakin farko. Ranar 1 ga Oktoba, kwana ɗaya kafin kisan, cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto ta fitar da rahoton cewa an dasa manhajar leƙen asiri ta Pegasus, wadda kamfanin NSO na Isra'ila ke sayar wa gwamnatoci, a wayar Omar Abdulaziz, wani matashin Saudiyya mai sukar gwamnati da ke zaune a Kanada. Abdulaziz da Khashoggi sun yi musayar ɗaruruwan saƙonni a WhatsApp, suna shirin kafa rundunar masu rubutu a Twitter da suka kira ƙudan zuma, domin tunkarar 'yan koren gwamnati da ake kira ƙudaje. A 2021 binciken haɗin gwiwa na ƙungiyar Forbidden Stories da Amnesty International ya gano cewa an kutsa wayar Hatice Cengiz da wannan manhaja kwanaki kaɗan bayan kisan. Kamfanin NSO ya musanta cewa fasaharsa tana da hannu a kisan. Ga ɗan jarida, ma'anar wannan ita ce alkawarin sakaya suna bai isa ba, domin wayar da yake kiran ɗan gudun hijira a kanta tana iya zama ita ce mai kai rahoto.

A watan Yunin 2019 Agnes Callamard, wadda a lokacin ita ce mai bincike ta musamman ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan kisan gilla, ta fitar da rahotonta, inda ta ce kisa ne da aka kitsa da gangan wanda alhakinsa ke wuyan ƙasar Saudiyya, kuma akwai sahihan shaidun da suka isa a binciki manyan jami'ai, har da yarima mai jiran gado. Ita ma Turkiyya ba ta ba ta kwafin faifan ba, kimanin minti 45 kawai aka bar ta ta saurara, kuma ta faɗi hakan a cikin rahoton. A abin da ta ji akwai tattaunawa kan yadda za a rarraba gawa, mintoci kaɗan kafin Khashoggi ya iso, sannan wata murya da aka ce ta Mutreb ce tana tambaya ko dabbar layya ta iso. Ta kuma ce an wanke wurin wankin ƙwararru kafin masu bincike su shiga.

Zuwa nan gaskiya ta bayyana iya yadda aikin jarida da bincike za su iya bayyana ta, amma hukunci bai biyo ta ba. Shari'ar Riyadh a asirce aka yi ta, ba a bar 'yan jarida sun shiga ba, ba a kuma bayyana sunayen waɗanda aka hukunta ba. Ranar 23 ga Disamba, 2019, aka yanke wa mutum biyar hukuncin kisa, uku ɗauri, aka sallami al-Asiri, al-Qahtani kuwa ko gurfanar da shi ba a yi ba. A watan Mayun 2020, cikin azumi, babban ɗan mamacin, Salah, wanda ke zaune a Saudiyya, ya sanar cewa iyalin sun yafe, kuma a watan Satumba aka mayar da hukuncin kisan ɗaurin shekara 20. Yafe jini haƙƙin magada ne a shari'a, babu mai ja da wannan, amma dole mai ba da rahoto ya tuna wa mai karatu cewa waɗanda suka yafe suna zaune ne a ƙarƙashin ikon wanda ake zargi. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, ofishin daraktan leƙen asirin Amurka ya saki taƙaitaccen rahoto da ke cewa a ƙiyasinsa yarima ne ya amince a kama ko a kashe Khashoggi, yana mai nuni da cewa bakwai daga cikin mutum 15 ɗin 'yan rundunar tsaron lafiyarsa ne. Saudiyya ta yi watsi da rahoton, shi kuma yariman ya riga ya ce a 2019 ya ɗauki alhaki a matsayinsa na jagora amma bai ba da umarni ba. Amurka ta hana 'yan Saudiyya 76 biza, ba ta taɓa yariman ba. A watan Afrilun 2022 kotun Santambul da ke shari'ar mutum 26 a bayan idonsu ta miƙa wa Saudiyya shari'ar, a daidai lokacin da tattalin arziƙin Turkiyya ke cikin matsi, kuma kafin watan ya ƙare Erdogan ya sauka a Jidda. A watan Disamba na shekarar wani alƙali a Washington ya kori ƙarar da Hatice Cengiz ta shigar, bayan gwamnatin Joe Biden ta ce yariman, wanda aka naɗa firaminista a watan Satumba, yana da rigar kariya. Majiyar da ta fi kowa magana a 2018 ita ce ta yi shiru da buƙatarta ta sauya, faifan muryar da rahotanni da yawa suka dogara a kansa kuma har yau ba a sake shi ga jama'a ba.

Girman wannan lamari yana iya rufe ido daga ganin yadda abin yake a mafi yawan lokuta. A rahotonta na 2021 ƙungiyar Freedom House ta tattara lamura 608 na kai wa mutane hari kai tsaye a ƙetare tun daga 2014, waɗanda gwamnatoci 31 suka aikata a ƙasashe 79, kuma kisa kaɗan ne a ciki. Mafi yawa kame ne da tasa ƙeya, sau da yawa da haɗin bakin ƙasar da mutumin ya fake a cikinta. Abin da ba ya ƙirguwa kuma shi ne matsa wa dangin da suka rage a gida. An kama 'yan uwan Omar Abdulaziz biyu a Saudiyya a watan Agustan 2018. Abdulrahman al-Sadhan, ma'aikacin agaji da aka kama a Riyadh a watan Maris na 2018, an yanke masa ɗaurin shekara 20 a 2021 saboda wani shafin Twitter na barkwanci da ba ya ɗauke da sunansa, kuma 'yar uwarsa Areej da ke Amurka, wadda ke fafutukar a sake shi, ta ce ana yi mata barazana. Danginsa suna zargin cewa kutsen da aka yi wa Twitter daga ciki ne ya tona shi, domin a 2022 wata kotu a San Francisco ta sami tsohon ma'aikacin kamfanin, Ahmad Abouammo, da laifin yi wa Saudiyya aiki a ɓoye, abokin aikinsa da ake zargi da leƙa bayanan shafuka fiye da 6,000 kuma ya tsere zuwa Saudiyya tun 2015.

Irin waɗannan lamura babu kyamarar da ta ɗauke su, babu jirgin da za a bi sawunsa, babu gwamnatin da ke da riba a kwarmata su. Shaida ɗaya tilo sau da yawa shi ne wanda abin ya shafa, shi kuma kafin ya yarda a buga sunansa sai ya auna ko hakan zai sa a saki ɗan uwansa ko a ƙara masa shekaru a kurkuku. Wannan shawara tasa ce, ba ta edita ba, kuma wajibi ne ɗan jarida ya bayyana masa kafin a buga cewa labarin da ya hau intanet ba ya janyuwa, cewa jami'an ƙasarsa za su karanta shi tun kafin maƙwabtansa su gani, sannan ya bar masa hanyar da zai sake samunsa idan aka kai wa danginsa samame bayan labarin ya fita.